Tambaya: In maganaɗisu ya haifar da wuta a cikin waya, ta wane ɓangare wutar take bi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare a nan Gombe, unguwar Jekadafari, bana zan zauna WAEC da JAMB in Allah ya yarda. Matsalata a fiziks ita ce babin nan na yadda maganaɗisu yake haifar da wutar lantarki a cikin naɗin waya. Na gane cewa in an motsa maganaɗisu kusa da kwayil, wato naɗin wayar, wuta tana samuwa, amma da zarar an ce in faɗi ta ina wutar za ta bi sai kaina ya ɗaure. Wani wuri a ce hannun dama, wani wuri a ce hannun hagu, ga kuma alamar ragi da ake sawa a gaban lissafin, ban san me take yi a wurin ba. Yayana mai gyaran janareta ne, na tambaye shi ya ce shi dai a hannu ya san aikin, bai san na littafi ba. Dan Allah Malam a taimaka a yi min bayani yadda zan gane.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillahi, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Na ji daɗin wannan tambaya sosai, don kusan duk shekara a daidai wurin nan ɗalibai suke tsayawa, kuma abin da nake gani shi ne ana fara koya musu yadda za su murɗa yatsu tun kafin su san me ya sa wutar ma ta zaɓi wancan ɓangaren. To ki ajiye hannuwan nan biyu a gefe tukuna, za mu dawo kansu. Ki fara riƙe magana guda: wutar da aka haifar kullum tana bin hanyar da za ta yi jayayya da CANJIN da ya haife ta. Na rubuta canji da manyan baƙaƙe da gangan, don ba da maganaɗisun take faɗa ba, da canjin take faɗa, kuma in wannan ya zauna miki sauran duk sauƙi ne.

Bari in ɗan koma baya kaɗan don ki ga inda abin ya samo asali. A 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Osted ya lura cewa in wuta tana gudu a waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar tana karkacewa, kamfas irin wanda ake duba alƙibla da shi. Ma'ana wuta tana haifar da maganaɗisu. Sai masana suka ce to ai kamata ya yi maganaɗisu ma ya iya haifar da wuta, aka yi ta ajiye maganaɗisu mai ƙarfi kusa da waya ana jira, shiru. Sai ranar 29 ga Agustan 1831 Maikel Faradai a Landan ya ɗauki zoben ƙarfe ya naɗa masa waya biyu daban daban waɗanda ba su taɓa juna, ɗaya ya haɗa da batir, ɗayar ya haɗa da abin da zai nuna masa in wuta ta wuce. Abin da ya gani shi ne allura tana zabura a daidai lokacin da ya haɗa batirin, sai ta koma ta kwanta duk da wutar batir tana nan tana gudu, sannan in ya cire batirin ta sake zabura amma zuwa ɗaya ɓangaren. Ki kula da wannan sosai: lokacin haɗawa wani gefe, lokacin cirewa wani gefe, a tsakani kuma babu komai. Amsar tambayarki tana cikin wannan gwajin tun ranar farko. A Amurka ma Josef Henri ya gano irin wannan a wajen lokacin, sannan a 1834 Lenz a ƙasar Rasha ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin ɓangaren da wutar za ta bi, ita ce wadda na faɗa miki a sama.

Yanzu mene ne yake canjawa? Kin san ana zana layuka suna fitowa daga kan arewa na maganaɗisu, wanda ake sa wa N, suna zagayawa su shiga kan kudu mai S. Yawan layukan da suke ratsawa ta cikin bakin kwayil shi ake kira fulaks, ana auna shi da weba. Ni yadda nake kwatanta wa ɗalibaina shi ne bokiti a tsakar gida ana ruwan sama. Ruwan da zai shiga bokitin ya danganta da ƙarfin ruwan, da faɗin bakin bokitin, da kuma yadda kika ajiye shi, in a tsaye yake bakinsa na kallon sama zai tara da yawa, in kika karkata shi zai ragu, in kika kwantar da shi gaba ɗaya ba abin da zai shiga. Haka fulaks yake, ko ƙarfin maganaɗisun ya canja, ko faɗin zagayen wayar ya canja, ko a juya kwayil ɗin. Ko wanne aka yi a cikin ukun nan fulaks ya canja, kuma da ya canja sai a samu ƙarfin da ke tura wuta, wanda littafinku yake rubutawa EMF, ana auna shi da bolt.

Dokar Faradai ta faɗi girman wannan turin: yawan naɗi sau canjin fulaks, a raba da lokacin da canjin ya ɗauka. Misali kwayil mai naɗi 200, faɗin bakinsa murabba'in mita 0.01, ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa shi ya tashi daga sifili zuwa tesla 0.5 a cikin daƙiƙa 0.1. Canjin fulaks shi ne 0.5 sau 0.01, wato weba 0.005. Sau 200 ya ba da 1, a raba da 0.1 ya ba da bolt 10. In jimillar turjiyar zagayen om 5 ce, wutar da za ta gudu amfiya 2 ce. Da a ce wannan canjin daƙiƙa 1 ya ɗauka da bolt 1 kawai za a samu, kin ga sauri shi ne magana. Wannan ɓangaren na san kin iya shi, ba zan daɗe a kai ba.

To ga inda kanki yake ɗaurewa. Ki ɗauka kwayil yana gabanki, bakinsa yana kallonki kamar kina leƙa cikin bututu, bakin wayarsa biyu kuma a haɗe suke, maganaɗisu yana hannunki, kan N yana kallon kwayil ɗin. Kika tura shi gaba. Tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce layukan ina suka nufa, amsa, daga wurinki suke suna shiga cikin kwayil suna nisa da ke, tunda daga N suke fitowa. Ta biyu, ƙaruwa suke ko raguwa, amsa, ƙaruwa tunda kina matsowa. To kwayil ba ya son wannan ƙarin, saboda haka wutar da za ta taso a cikinsa za ta yi nata layukan da za su fito su nufo ki don su rage abin da yake ƙaruwa. Layuka suna fitowa ta fuskar da ke kallonki ke nan wannan fuskar ta zama N, kuma N da N korar juna suke, har a hannunki akwai ɗan turin da yake mayar da ke baya ko da ba ki ji shi ba don ƙanƙanta. Sai yanzu ne hannu zai shigo: ki dunƙule hannun dama kamar kin riƙe muciya, babban yatsa ya nuna inda layukan kwayil ɗin suka nufa, wato ya nuno ki, sauran yatsu huɗun da suka lanƙwashe su ne hanyar wutar. In kika yi za ki ga sun zagaya saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya. Amsa ke nan, N yana matsowa, in ana kallo daga wurin maganaɗisun wuta tana zagayawa saɓanin agogo.

Yanzu ki janye maganaɗisun baya, kan N ɗin dai yana kallon kwayil. Layukan har yanzu can suka nufa, ba su juya ba, amma raguwa suke. A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa, don sun haddace cewa wutar tana adawa da maganaɗisu, sai su sake ba da amsar farko. A'a. Abin da yake faruwa yanzu raguwa ne, kuma da raguwar kwayil zai yi jayayya, zai yi nasa layukan su bi bayan waɗanda suke gushewa don ya cike giɓin. Layukansa za su nufi can nesa da ke, fuskar da ke kallonki ta zama S, tana jan N ɗin da ke guduwa kamar tana cewa dawo. Ki sake dunƙule hannun dama, babban yatsa ya nuna can gaba, za ki ga yatsun sun bi yadda agogo yake tafiya. Kin ga maganaɗisu ɗaya, kai ɗaya, amma wuta ta juya saboda canjin ne ya juya. In kin matso ya kore ki, in kin janye ya riƙe ki. In kuma kika tsayar da hannunki cik, ko da maganaɗisun yana tsakiyar kwayil ɗin, babu wuta ko kaɗan. Na kan S kuma ki yi shi da kanki da waɗannan tambayoyin, za ki samu S yana matsowa wuta ta bi agogo, S yana janyewa ta saɓa wa agogo. Ban so ki haddace su huɗun, na fi so ki iya fito da su a cikin daƙiƙa goma a ɗakin jarrabawa, don in an canja zanen kaɗan hadda ba ta ceton mutum.

Amma me ya sa dole sai jayayya, me ya hana wutar ta taimaka wa canjin? Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma ina ganin duk wanda ya gane ta ba zai sake mantawa ba. Ki ɗauka akasin haka ne, kin ɗan tura N sai fuskar kwayil ta zama S ta jawo shi. Jan zai ƙara masa gudu, ƙarin gudu ya ƙara saurin canjin fulaks, wannan ya ƙara wuta, ƙarin wuta ya ƙara jan, haka haka ba iyaka, ke kuma ɗan taɓawa ɗaya kawai kika yi. Da mun samu wuta ba mai, ba ruwa, ba wahalar kowa. To ba haka Allah ya tsara duniya ba, makamashi ba ya fitowa daga babu, sai dai ya sauya daga wani nau'i zuwa wani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙarfin da kika kashe wajen tura maganaɗisu a kan jayayyar kwayil shi ne yake komawa wutar lantarki. Dokar Lenz ba wata sabuwar doka ba ce ta daban, wannan ƙa'idar ce ta makamashi ta bayyana a wannan babin.

Kuma yayanki da ya ce bai san na littafi ba, wallahi ya fi mu jin wannan dokar a kunne. Ki tambaye shi me yake faruwa in janareta yana aiki ba a ɗora masa komai ba, sannan aka jona dutsen guga ko hita. Nan take muryar injin take canjawa, ya yi nishi kamar an ɗora masa buhu, ya ɗan ja baya sannan abin da ke daidaita mai a jikinsa ya buɗe ya ƙara masa fetur. Wa ya riƙe injin? Ba wanda ya taɓa shi. Wutar da dutsen gugan ya ja ce ta bi ta cikin kwayil ɗin janaretan ta yi nata maganaɗisun da yake jayayya da juyawar, iya yawan wutar da aka ja iya nauyin juyawar, shi ya sa mai ya fi saurin ƙarewa in kaya sun yi yawa. Haka abin yake a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke nan kusa da mu a kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, inda aka kafa tashar wuta mai megawat 40. Can ruwa ne yake juya injin a maimakon fetur, amma in aka ƙara jan wuta dole a ƙara sakin ruwa ya tura, don jayayyar ta ƙaru. Ni duk lokacin da na ji janaretan maƙwabta ya canja murya na san an kunna wani abu mai nauyi a gidan, kuma Lenz nake tunawa.

Alamar ragin da kika tambaya, wadda ke gaban lissafin Faradai, aikinta ke nan. Ba tana nufin bolt ɗin ya gaza sifili ba ne kamar bashi, tana nufin turin yana fuskantar saɓanin canjin fulaks. In fulaks yana hawa turin ya nufi inda zai sauke shi, in yana sauka turin ya nufi inda zai ɗaga shi. Dokar Lenz ce aka dunƙule a alama ɗaya. In tambaya ta ce ki faɗi girman EMF kawai, ki ba da lambar ba tare da alamar ba, in ta ce ɓangare ki yi bayanin da muka yi.

Sai maganar dama da hagu. Waɗannan na yatsu uku da ake miƙewa, wani injiniyan Ingila mai suna Filemin ne ya tsara su don sauƙaƙa wa ɗalibai, kuma aikinsu daban daban ne. In ke ce kike motsa waya a cikin maganaɗisu kina neman wutar da za ta fito, aikin janareta ke nan, hannun dama. In kuma an riga an ba waya wuta daga batir ko soket ana neman inda za ta motsa, aikin motar lantarki ke nan irin na fanka da injin markaɗe mai lantarki, hannun hagu. A duka biyun babban yatsa shi ne motsi, manuni shi ne layukan maganaɗisu daga N zuwa S, na tsakiya shi ne wuta, kuma ukun a miƙe suke kowanne yana kusurwar digiri 90 da ɗan'uwansa. Kafin ki ɗaga hannu ki tambayi kanki, motsi aka ba ni ake neman wuta, ko wuta aka ba ni ake neman motsi. Kada kuma ki haɗa su da dunƙulen hannun daman da muka yi amfani da shi ɗazu, shi wancan yana haɗa wutar da ke zagaye ne da layukan da take haifarwa.

Bari mu gwada da zanen da suke yawan kawowa, na sanda a kan layin dogo biyu. Zan yi miki da gabas da yamma don ya fi zama a kai. Ki ɗauka wayoyi biyu a shimfiɗe a ƙasa sun miƙe daga yamma zuwa gabas, an haɗe bakinsu ta yamma, an ɗora sandar ƙarfe a kansu tana kwance daga kudu zuwa arewa, layukan maganaɗisu kuma suna sauka daga sama suna shiga ƙasa kamar ruwan sama. Aka ja sandar zuwa gabas. Da hanyar Lenz: filin da wayar ta kewaye yana ƙara faɗi, layukan da ke sauka ta cikinsa suna ƙaruwa, saboda haka wutar za ta yi layukan da ke hawa sama. Dunƙule hannun dama babban yatsa sama, in kina kallo daga sama wuta tana saɓa wa agogo, wato a cikin sandar da ke gabas tana tafiya daga kudu zuwa arewa. Da hanyar Filemin: hannun dama, babban yatsa gabas, manuni ƙasa, za ki ga na tsakiya ya nuna arewa. Amsa ɗaya. Yanzu ki ɗauko hannun hagu ki tambaya, sandar da wuta ke bi zuwa arewa a cikin layukan da ke sauka, ina za a tura ta? Manuni ƙasa, na tsakiya arewa, babban yatsa zai nuna yamma. Ke kina ja gabas, ita ana mayar da ita yamma, ga jayayyar nan ta sake fitowa da kanta. Girman EMF ɗin kuma ƙarfin maganaɗisu ne sau tsawon sanda sau gudu, in tesla 0.4 ne da mita 0.5 da gudun mita 3 a daƙiƙa, bolt 0.6 ke nan. Ni shawarata ki riƙa fara yi da Lenz, sannan ki tabbatar da Filemin in akwai lokaci, don Filemin yana aiki ne in akwai wayar da take motsi, amma a gwajin zoben Faradai ko a taransifoma ba abin da yake motsi, can Lenz kaɗai zai fitar da ke.

Akwai wasu ramuka da nake so ki sani tun yanzu. In zagayen wayar a yanke yake, EMF yana nan amma wuta ba ta gudu, kuma tunda ba wuta babu jayayya, shi ya sa janaretan da ba a jona masa komai ba yake juyawa sakayau. Sannan duk hanyar wutar da muke faɗa ita ce ta al'ada, wadda ake ɗauka tana fita daga kan tarawa (+) na batir ta zagaya waje ta koma kan ragi (-), su kuwa ilektoron ɗin da suke ainihin tafiya a wayar saɓanin haka suke bi, in tambaya ta ce ilektoron sai ki juya amsarki. Wani kuma da yake kama har masu ƙoƙari: a misalin sandar nan wane baki ne na tarawa? Sandar ita ce take matsayin batir, kuma a cikin batir wuta daga ragi take tafiya zuwa tarawa, saboda haka bakin arewa inda wutar take fita shi ne na tarawa. Na ƙarshe, a kwayil mai juyawa, lokacin da fulaks ya kai ƙololuwa EMF sifili ne, lokacin da fulaks yake sifili kuma EMF ya kai ƙololuwa, don ba yawan fulaks ake dubawa ba, saurin canjawarsa ake dubawa, kuma ya fi saurin canjawa a daidai lokacin da yake ratsa sifili.

Daga nan za ki gane me ya sa wutar gidajenmu mai kai da komo ce. Maganaɗisu yana juyawa a gaban kwayil, N ya matso, ya wuce, S ya matso, ya wuce, kowane rabin juyi wutar ta sauya hanya. A Najeriya zagaye 50 ake yi a daƙiƙa, wato wutar tana juya hanya sau 100 a daƙiƙa guda, kuma ƙaramin janareta mai kan maganaɗisu biyu sai ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da wannan. Taransifomar unguwarku ma zoben Faradai ne aka girmama, naɗi biyu a kan ƙarfe ɗaya, wuta mai kai da komo a naɗin farko tana sa fulaks ya yi ta canjawa, naɗi na biyu ya samu turi gwargwadon yawan zagayensa. In aka ba taransifoma wutar batir wadda ba ta canjawa ba abin da zai fito ta ɗaya gefen sai a lokacin haɗawa da cirewa, naɗin farkon ma zafi zai yi ya ƙone don babu turin jayayyar da ke rage masa wuta. In kin taɓa ganin cikinta a shagon yayanki, ko cikin sitabilaiza, za ki ga ƙarfen ba dunƙule ba ne, falle falle ne aka jera da rufi a tsakaninsu. Dalili shi ne shi ma ƙarfen wuta tana tasowa a cikin jikinsa tana zagaye tana zama zafi a banza, yanka shi falle falle yana datse mata hanya.

Haka kuma in firji ko famfon rijiyar burtsatse ya tashi kika ga ƙwan ɗaki ya ɗan dushe sannan ya dawo. Motar lantarkin da ke juyawa a cikinsu tana haifar da nata turin da ke jayayya da wutar da ake ba ta, to a farkon tashi ba ta fara gudu ba, jayayyar kaɗan ce, sai ta ja wuta mai yawa, da ta kama gudu sai jan ya ragu. In kuwa wani abu ya cije ta ta kasa juyawa alhali wuta na shiga, ta ci gaba da jan mai yawan ke nan har naɗin ya ƙone, irin waɗanda ake kawo wa masu sake naɗi kullum.

Gani ya kori ji, don haka ina so ki yi gwajin nan a gida, ba ya buƙatar wutar soket ko kaɗan, kuma dan Allah kada ki kusanci soket ko janareta mai aiki da sunan gwaji. Ki roƙi yayanki siririyar wayar jan ƙarfe irin ta naɗi, da maganaɗisun tsohuwar lasifika, da mitarsa ta awo. Ki naɗa wayar a jikin kwalin da ya ɗan fi maganaɗisun faɗi ko wani guntun bututun roba, zagaye 100 ko fiye, duk ta gefe ɗaya, ki kankare bakin wayar biyu don akwai fenti a jikinta da ke hana wuta wucewa, ki haɗa da mitar a ma'aunin milibolt na wutar batir. Ki matso da fuskar maganaɗisun da sauri ki ga lamba ta fito, ki tsaya ki ga ta koma sifili, ki janye ki ga lambar ta dawo da alamar ragi ko ta rabu da ita. Ki juya ɗaya fuskar ki maimaita, komai zai juya. In yana da mita mai allura wadda sifilinta yake tsakiya ta fi nuna abin da kyau, don mai lamba tana ɗan jinkiri.

In kuma Allah ya sa kun samu guntun bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗan faɗi, da ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi irin farin nan mai sheƙi wanda zai shige ciki ba tare da ya cije ba, ki fara manna shi a jikin bututun ki ga ba ya kamawa, don maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Sannan ki tsayar da bututun ki saki tsakuwa a ciki, za ta faɗo nan take. Ki saki maganaɗisun, za ki ga yana saukowa a hankali kamar an riƙe shi da zare. Bututun da ke ƙasansa yana ganin fulaks na ƙaruwa yana tura shi sama, wanda ke samansa yana ganin fulaks na raguwa yana jan shi sama. In kin yi, ki zana bututun a takarda, ki ɗauka kan N ne yake kallon ƙasa, ki fitar min da hanyar wutar a zoben da ke ƙasan maganaɗisun da wanda ke samansa in ana leƙowa daga sama, ki turo in duba miki. Ki gaida yayan naki da mutanen gida.